Falgore: An Rage Namun Dawa, Ina Lissafin?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku samarin ma'aikata da kuka riga mu fita, akwai wani aiki da hukumomi ke yi kowace shekara a ƙasashen Turai da Amurka wanda in aka ba maharbin ƙauyenmu labarinsa zai ce tatsuniya ake yi masa. Watau hukuma da kanta take ba da izini, wani lokaci ma har ta biya lada, a shiga daji a harbe dabbobi dubbai, domin sun yi yawa har dajin ya kasa ɗaukarsu. Dabbar kuwa ita ce wadda littattafan makarantunmu suka saba fassarawa da barewa, ko da yake ba barewarmu ba ce. Ƙahon namijinta rassa gare shi kamar itace, yana faɗuwa kowace shekara ya sake tohowa, kuma a duk faɗin Afirka ba ta da asali sai can arewa, wajen duwatsun Aljeriya da Tunisiya. Mu kira ta barewar Turawa don mu huta.

A ƙasar Sikotlan kaɗai ana kashe fiye da 100,000 daga cikinsu a shekara. Dalili kuwa a fili yake. Kakanninsu sun ƙarar da kerkeci tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, saboda haka babu mai cin barewar sai mutum, ita kuwa tana ta haihuwa tana cinye duk wani ɗan itace da ya tsiro. Amma abin da nake so ku lura da shi shi ne yadda ake yin kisan. Akwai lokacin da aka halatta, akwai lokacin da aka hana. Akwai adadin da aka yanka wa kowane yanki. In an kayar da dabba za a auna nauyinta, a dubi haƙoranta don a san shekarunta, a dubi huhu da hanta, a dubi kofato, sa'an nan a rubuta. A shekarar 1963 Majalisar Ingila ta yi dokar da ta tsara lokutan harbin barewa. A wannan shekarar dai, 1963, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar ta namun daji, wadda ta rarraba dabbobin da aka hana taɓawa da waɗanda sai da lasisi. Shekara ɗaya aka haifi dokokin nan biyu. Su tasu ta girma har namun dawa sun yi musu yawa. Tamu fa?

Kafin in kai ku Falgore bari in tsaya a kan kofato, domin a nan ne ilmin yake, kuma a nan ne sakacinmu ya fi fitowa. Kofato kamar farcen ɗan Adam yake, kullum tohowa yake yi daga sama, daga inda fata ta haɗu da shi, ƙasa kuma tana cinye shi daga ƙasa. A jikin saniya yakan ƙaru da kimanin milimita 5 a wata. In zazzaɓi mai tsanani ya kama dabba, tohon yakan tsaya, in ta warke ya ci gaba, sai a ga wani zobe ko tsaga ya kewaye kofaton yana gangarowa sannu a hankali. Wanda ya san aikin zai auna nisan zoben nan daga sama ya gaya maka watanni nawa ke nan da dabbar ta yi jinya. Cutar boru, wadda kowane Bafulatani ya sani, takan fito da ƙuraje masu ruwa a baki da tsakanin kofato da kewayensa, wani lokaci kofaton ya kwaɓe gaba ɗaya, wanda ya maye gurbinsa kuma ya fito a karkace. Dabbar da ta daɗe tana tsayawa cikin laka da kashin shanu kofatonta yakan ruɓe. Wadda ta sami hatsi ta ci ya wuce kima kofatonta yakan yi tsawo ya lanƙwashe sama kamar takalmin sarauta. Wadda kuma tarkon waya ya yi wa rauni a ƙafa ɗaya takan jingina nauyinta a kan sauran, sai kofaton mai ciwon ya yi ta tsawo don ba ya taɓa ƙasa sosai, na lafiyayyun kuwa su side. Kowane irin lahani da labarin da yake bayarwa.

Amurkawa sun ɗauki wannan karatu da gaske. Akwai wata cuta da wani ɗan ƙwaro mai cizo, wanda bai kai sauro girma ba, yake yaɗa wa barewarsu a ƙarshen bazara. Waɗanda suka tsira daga cutar da tsagaggen kofato ake gane su, kuma da kofatan da maharba suka kawo ne hukuma take sanin yankunan da cutar ta ratsa. A Jihar Washintan kuwa, tun wajen 2008, aka fara ganin babbar barewarsu mai girman gwanki tana ɗingishi garke-garke, kofato a murɗe, wasu ma ya gutsure. Bincike ya nuna ƙwayar cutar dangi ce ta wadda ke ruɓar da ƙafafun shanun madara a gidajen gona. A 2017 majalisar jihar ta ɗora wa jami'ar jihar alhakin binciken, daga baya kuma aka shiga roƙon maharba su riƙa kawo kofatan abin da suka harba. Ku duba fa, maharbi ne ya zama idon likitan dabbobi, ƙafar da a da ake yarwa ta zama takardar shaida.

To, mu dawo gida. Dajin Falgore, wanda a da ake kira Kogin Kano, yana kudancin Jihar Kano, ya ratsa ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, fāɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, hanyar Kano zuwa Jos kuma ta tsakiyarsa ta bi. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a matsayin gandun daji a ƙarshen shekarun 1940, sa'an nan a shekarun 1960 aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji. Gwanki da kanki da ɓauna da gwambaza da mazo da gada da batsiya da gadu, duk an lissafta su cikin mazauna dajin. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, aka kammala ta a 1974, kuma Kogin Kano da ke cika ta ta cikin Falgore yake biyowa. Ina so a riƙe wannan. Itatuwan Falgore su ne ke riƙe ƙasar da in ta zaizaye za ta gangara ta cike Tiga da yashi. Ruwan Tiga kuwa shi ne shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa da Kura, shi ne kuma wani ɓangare na ruwan famfon birnin Kano. Duk ɗalibin da ya ce maganar daji ba ta shafe shi ba, to, ya daina wanka.

A dajin nan an yi ragin namun dawa, ragi mai tsanani, na shekara da shekaru. Sai dai ragi ne wanda ba izini, ba lokaci, ba adadi, ba sikeli, ba littafi. Mai bindiga ya rage, mai tarkon waya ya rage, mai karnuka ya rage, mai cinna wa ciyawa wuta don ya kori gafiya ya rage har da 'ya'yan da ba su iya gudu ba, mai gatari da buhun gawayi ya rage inuwar da za a fake, direban babbar mota da dare ya rage nasa a kan kwalta. Turawa suna harbin tsofaffi da marasa lafiya da ragowar da ta wuce ƙarfin daji. Mu kuwa mun fara da ƙosassu da masu ciki, don su ne ke da nama. Ina ƙalubalantar duk wani jami'i da abin ya shafa ya fito da takarda ya karanta wa jama'ar Kano: gwanki nawa ya rage a Falgore, ɓauna nawa, yaushe aka ƙidaya, wa ya ƙidaya, kuma kofato nawa aka taɓa ɗauka daga dajin nan aka kai gaban likitan dabbobi? In akwai amsa, a buga ta a jarida mu gani, mu kuma mu yi godiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka yi wa daji ɗaya alkawarin aure da maza uku. Bayan ɓarayin shanu da masu satar mutane sun mai da Falgore maɓoya, a 2017 sojoji suka shiga da atisayen Harbin Kunama na biyu, aka kuma mai da wani sashen dajin filin horar da soja. A 2018 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya gayyaci makiyayan ƙasar nan su taho Kano, ya ambaci Falgore cikin wuraren da za su ɗauki shanu masu ɗimbin yawa, a 2020 kuma ya buɗe rugar Dansoshiya a ƙasar Kiru. A wannan shekarar ta 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sababbin gandayen namun daji na ƙasa guda 10, Falgore na ciki. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da hujja. Mutanen Doguwa da Tudun Wada sun sha wuya a hannun 'yan fashi, ba wanda zai ce kada a kawo soja. Makiyayi ɗan ƙasa ne, gonaki sun cinye burtali, dole ya sami inda zai sa dabbarsa. Amma igwa da garken shanu da garken gwanki ba su kwana ɗaki ɗaya sai an yi katanga, an ce nan naka, nan nasa. Taswirar rabon nan ita muke nema a manna ta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, yadda Ardo da Sarkin Baka da manomi za su gan ta da idonsu.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa a ɗakin cin abinci da bakin masu karatun aikin gona. Suna cewa: ai gara ma da namun dawan suka ƙare, su ne matattarar cuta, su ke riƙe da boru da sammore suna zuba wa shanun talakawa, kuma ƙasar da mutum bai ƙoshi ba ina ta ga ta gwanki? Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya. A kudancin Afirka an tabbatar ɓauna tana ɗauke da ƙwayar boru shekaru ba tare da ta nuna ciwo ba, kuma ƙudan tsando yana shan jinin gadu da mazo ya ɗauko sammore. Amma an riga an gwada maganin da suke so, an ga ƙarshensa. A Rodeshiya ta Kudu, wadda yanzu ake kira Zimbabuwe, Turawa sun shafe kimanin shekaru 40, daga wajen 1919, suna harbe namun dawa don su kashe tsando da yunwa. Sun kashe fiye da rabin miliyan. Tsandon ya ja da baya a wasu wurare, amma bai ƙare ba, daga bisani sai da aka koma ga feshi da tarkuna.

Sa'an nan ku dubi tarihin bushiya, cutar da ta fi kowace kashe shanu a nahiyar nan. Ba daga dawa ta fito ba. Da shanun da sojojin Italiya suka shigo da su gaɓar Eritiriya a ƙarshen shekarun 1880 ta zo, ta ratsa Afirka, ta iso ƙasashenmu a farkon shekarun 1890, ta share garkunan Fulani, ta haɗa da ɓauna da sauran namun dawa. An daɗe ana zargin namun dawa da cewa su ke ɓoye ta. Da aka tashi gangamin allurar shanu, wanda aka fara a 1962 a ƙasashen kewayen Tabkin Chadi, Nijeriya na ciki, aka kuma yi irinsa a gabashin Afirka, sai gaskiya ta fito. A dajin Serengeti na Tanzaniya ba wanda ya yi wa namun dawa allura ko ɗaya, shanun kewaye kawai aka yi wa, amma cutar ta ɓace daga dawa. Wata dabba dangin kanki, wadda Suwahili ke kira nyumbu, ta tashi daga kimanin 250,000 zuwa fiye da miliyan 1 kafin ƙarshen shekarun 1970. Ashe saniya ce ke zuba wa dawa, dawa ba ta iya riƙe cutar ita kaɗai. Mu kuwa da muka yi sake da allurar, a 1983 bushiya ta dawo Nijeriya ta kashe shanu dubun dubbai, ta shiga Yankari ta kayar da ɓauna da gadu da gwambaza. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma allurar shanu ce ta yi wannan aiki. Saboda haka wanda ya ce a ƙarar da gwanki don a ceci saniya ya bar jaki yana dukan taiki. Boru a ƙasar nan ta kan hanyoyin fatauci da kasuwannin shanu da mashaya take yawo, tana da isassun shanu da tumaki da awaki da za ta hau ko da ba sauran gada ɗaya a Falgore.

A nan ne kofaton gwanki ya zama abin da ya kamata makiyayi ya damu da shi fiye da kowa. Da rani, in ƙoramu suka ƙafe, saniya da mazo da gadu kududdufi ɗaya suke sha, laka ɗaya suke takawa. Abin da ke ƙafar wannan zai koma ƙafar wancan. In aka fara ganin sawun gada a karkace a bakin ruwa, ko aka kama mazo da zobe a kofato, labari ne cewa wata cuta ta ratsa mashayar nan watanni kaɗan da suka wuce, kuma garken da ya sha a nan ya riga ya kama hanya, watakila ya kai kasuwar Wudil ko ta Dambatta. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924. Muna da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1960. Muna da kwalejin koyon kula da namun daji a Sabuwar Bussa. Masu ilmin ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ɗauki ƙafar dabba daga Doguwa ya sa a kwalba da magani ya kai musu.

Wa zai kawo ƙafar? Maharbi. Na san wasunmu 'yan boko da sun ji an ce maharbi sai su yamutsa fuska, su ce ai shi ne ɓarawon dajin. Ni kuwa ina ganin kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wa ke sayen naman? Wa ke tsayar da motar ofis a bakin hanya ya sa a ɗaure masa cinyar gada a bayan but don ya kai wa maigidansa tsaraba? Maharbin da ya gaji sana'ar, wanda ke ƙarƙashin Sarkin Baka, ya fi kowane mai digiri a cikinmu iya karanta sawu. Zai dubi ƙasa ya ce maka wannan mace ce, tana da ciki, tana ɗingisa ƙafar hagu ta baya, jiya da la'asar ta wuce. Irin wannan sani ba a sayensa a kantin littattafai, kuma yana mutuwa tare da tsofaffin da ke da shi. Sa'an nan ƙarewar namun dawa shi ta fara cuta. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, wasunsu mutanen ƙasar Bunkure, suna kan hanyar dawowa gida salla daga Jihar Ribas. Allah ya jiƙansu. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, ba shakka. Amma ya kamata mu tambayi kanmu abin da ke sa mutumin da gidansa ke maƙwabtaka da Tiga ya ɗauki karnukansa ya yi tafiyar kwana da kwanaki zuwa bakin teku neman abin da kakansa ke samu a bayan gari.

Kamata ya yi hukumar da ke riƙe da Falgore, ta jiha ce ko ta tarayya, ta fara da ƙidaya ta gaskiya a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a bakin ruwa, ta ɗauki maharban yankin aiki da albashi su zama jagorori da masu gadi, ta kuma hana harbin manyan namun dawa ɗungum har sai ƙidayar ta nuna akwai abin da za a rage. Ranar da Falgore za ta kai matsayin da za a ce gwanki ya yi yawa a rage shi da lasisi, ranar biki ce, amma ba mu kusa ba. Duk dabbar da aka tsinta matacciya, ko aka ƙwace a hannun mai laifi, ko mota ta buge, a yanke ƙafafunta huɗu a rubuta wuri da rana a aika Vom ko Zariya. Wannan ba ya bukatar kwangilar miliyoyi, watakila shi ya sa ba ya burge kowa. Shanun da za su yi kiwo a kewayen dajin da na Dansoshiya a yi musu allura kyauta, a kan lokaci, a kuma haƙa musu mashayarsu daban, domin ba a hana makiyayi ruwa sai an nuna masa wani.

Saura mu. Yawancinmu in an gama karatu addu'armu ita ce a ajiye mu a sakatariyar Audu Bako, ƙarƙashin fanka, kusa da fayil ɗin kwangila. In aka tura mutum Riruwai ko Tudun Wada sai ya kama zarya gidajen manya yana neman a canza masa, kamar an kai shi kurkuku. To, wa zai yi aikin dajin? Ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta rubuta wa Majalisar Dokokin Jihar Kano takarda a buɗe, ta nemi sakamakon ƙidaya ta ƙarshe da taswirar rabon dajin da adadin masu gadin da ke bakin aiki. Ɗaliban Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kuma, hutun nan mai zuwa kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya je gaban Sarkin Bakan garinsu ya gaishe shi, ya tambaye shi dabbobin da ya sani a dajin da sunayensu, da shekarar da ya yi wa kowace ganin ƙarshe, da inda ya gan ta, da irin ciwon ƙafar da ya taɓa gani a jikinsu. Ya je ruga ya yi wa Ardo irin wannan tambaya game da boru. In an dawo a haɗa amsoshin a kai wa editan wannan mujalla a buga su gari-gari a fitowa ta gaba.